Mita goma ɗin da suka kunyata ni a gasar faifai

Ranar da na kai wa mai waldan layinmu zanen abin da nake so ya haɗa min, sai da ya juya takardar sama ya juya ta ƙasa, sannan ya ɗago ya ce, "Boga, wannan na gasa cicinga ne ko na shanya kaya?" Boga dai haka ake kiran wanda ya dawo daga Turai a wajenmu. Na ce masa kwando ne Baba. Ya ce to sarƙoƙin nan fa da ka zana har guda goma sha biyu, karnuka za ka fara kiwo a Nima? Yaran shagonsa suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don wallahi da ni aka kawo wa zanen nan shekara huɗu baya, tambayar da zan yi ke nan.

Tun da na dawo gida Nima, unguwarmu a Akra, daga ƙasar Finlan mutane ke damuna da zancen gasar da na shiga, kowa da irin labarin da ya ji, har akwai wanda ya tare ni a bakin babban masallacin Kanda bayan Juma'a yana min barka wai na ciyo kofi a Turai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, duk wanda ya sake tambaya in tura masa ya karanta, bakina ya huta.

Wasan dai sunansa dis golf, ni kuma nake ce masa wasan faifai. Kamar golf ɗin masu kuɗi ne da ake yi a Acimota, sai dai babu sanda babu ƙwallo babu rami. Faifan roba ne a hannunka, faɗinsa kamar farantin cin abinci ƙarami, doka ta ce kada nauyinsa ya wuce giram 200. Za ka tsaya a wurin farawa ka wurga, duk inda ya faɗi daga nan za ka sake wurgawa, haka har ya shiga kwando. Yawanci kwanduna 18 ake zagayawa, wanda jifansa ya fi ƙaranci shi ya ci. Kwandon kuma sandar ƙarfe ce a kafe, da kwando daidai ƙugun mutum, da sarƙoƙi suna rataye a samansa, su ne ke kashe gudun faifan ya zube ciki. Ƙarar sarƙar nan in faifai ya dake ta a tsakiya, kacau, ita ce ke haukata mutane, duk wanda ya ji ta sau ɗaya daga hannunsa to shi ke nan an kama shi.

Wani Ba'amurke ne mai suna Ed Headrick ya ƙirƙiro kwandon, da ma ya yi aiki a kamfanin Wham-O masu yin Frisbee. Shi ya tsara filin farko a Oak Grove a jihar Kalifoniya a 1975, a 1976 kuma ya kafa ƙungiyar da ke kula da wasan har yau, PDGA, lambarsa ta zama memba ita ce 001. Tawa lambar alƙaluma shida ce, ku lissafa mutum nawa suka riga ni. Wai don ku ga irin son da mutumin nan yake wa abin, da ya mutu a 2002 wasiyya ya bari a ƙona gawarsa a cakuɗa tokar cikin robar fayafai, kuma aka yi. Ranar da na ji haka sai da na yi salati na duba ƙasan nawa faifan, Allah ya sa mu cika da imani.

Ni a Finlan na haɗu da shi. Karatu ya kai ni garin Tampere, da rana aji, da dare aikin share ofisoshi kamar yadda yawancin 'yan'uwa ke yi, rayuwa babu wani armashi, ga shiru, ga sanyin da ke shiga har ɓargo. Ƙasar nan mutanenta miliyan biyar da rabi ne, kusan yawan mutanen yankin Akra kaɗai, amma filayen wasan faifai wajen dubu gare su, kusan kowace unguwa akwai kwanduna a dajin bayanta kuma yawanci kyauta ake shiga. Wani ɗan ajinmu ne ya ja ni wata rana da bazara, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen sha ɗaya na dare, ya ba ni aron faifai ɗaya. Jifana na uku ya wuce nasa. Ya tsaya yana kallona, ya ce ka taɓa yi ne, na ce a'a. Ban gaya masa cewa mu da murfin gwangwanin Milo muka tashi ba, muna tsayawa a bakin babbar gota muna gasar wanda zai tsallakar da nasa can ƙetare, ga jifan mangwaro a Kanda har maigadi ya biyo mu da gudu. Hannu kam Allah ya ba ni, kuma wannan hannun shi ne ya rufe min ido shekara biyu cur.

Fayafan iri-iri ne. Akwai mai kaifin baki na dogon zango, sunansa direba, kuma halinsa sak na direban trotro ɗin Sakul zuwa Madina, akwai gudu amma ba ya jin magana. Akwai matsakaici. Sai kuma mai kaurin baki wanda ba ya nisa, shi ne na sakawa cikin kwando, ana ce masa fota. A jikin kowanne akwai lambobi huɗu da ke gaya maka halinsa a iska: gudu, daɗewa a sama, karkata dama a farkon tafiya, da komawa hagu a ƙarshe, in dai da hannun dama ka wurga ta bayan hannu. Misali Destroyer na kamfanin Innova 12, 5, -1, 3 ne, shi kuma Aviar ɗinsu na sakawa 2, 3, 0, 1. Jakata a lokacin direba bakwai ne a ciki, fota ɗaya tak, shi ma wani ne ya ba ni kyauta. Duk wanda ya san wasan in ya leƙa jakar nan ya gama sanin ko ni wane ne.

A 2025 aka kawo gasar duniya ta ƙwararru Finlan, karo na farko da ta fita daga Arewacin Amurka, aka yi ta a Tampere da Nokia. E, Nokia gari ne, yana nan kusa da Tampere, daga sunansa wayar da ta ƙi mutuwa a hannun kakanninmu ta samo suna. Na ɗauki hutun aiki na je kallo. Jama'a maƙil a daji kamar ranar hawan salla, amma in ɗan wasa ya tsaya zai wurga sai ka ji tsit, ko tari babu. Wani dogon yaro Ba'amurke ɗan shekara 20, Gannon Buhr, shi ya ci ɓangaren maza, Ohn Scoggins ta ci na mata. Ni kuma abin da na tsaya kallo duk kwanakin nan shi ne dogon jifa, yadda faifai ke tafiya mita 150 yana lanƙwasa tsakanin itatuwa kamar ana tuƙa shi. Da sun matso kusa da kwando sai in ciro waya ina duba saƙo, a ganina an gama, ai sakawa ba wani abu ba ne.

A daren nan na yi kuskuren da ya jawo komai. Na shiga gurup ɗin bes ɗinmu na WhatsApp, inda 'yan ataya ke kwana suna musun Hearts da Kotoko, na tura bidiyo na rubuta a ƙasa cewa nan da wata ɗaya ni ma zan buga da ƙwararru. Cale, kafin gari ya waye an sa min suna Kyaftin. Magana kuwa zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Abin da ban gaya musu ba shi ne, shiga ajin ƙwararru a ƙaramar gasa ba ya buƙatar wata jarrabawa. Ajin da ake kira MPO a buɗe yake, ka zama memba, ka biya kuɗin shiga, ka danna akwatin da ke cewa nan kake so, shi ke nan sunanka ya hau. Manyan gasanni ne ke da sharaɗi. Akwai dai wani awo da PDGA ke yi wa kowane ɗan wasa, reting, wanda ya kai 1000 ana masa kallon gwani, manyan duniya suna sama da haka nesa, kuma jifa ɗaya a zagaye yana daidai da maki goma ko kusa da haka. Nawa bai kai 900 ba. Ma'ana tun kafin a fara, lissafi ya nuna mai 1000 zai ba ni ratar jifa goma ko fiye a kowane zagaye. Na san lissafin nan sarai, na yi karatu fa, amma na ce wa kaina ai lissafi bai san hannuna ba.

Gasar a wani ƙaramin gari aka yi ta, tafiyar awa ɗaya da wani abu a mota, zagaye biyu a yini ɗaya. An tashi da yayyafi, dajin duk dogayen itatuwa ne a tsaye ƙyam kamar sojoji, ƙasa kuma santsi da saiwoyi. Aka tara mu aka yi bayanin dokokin filin da yarensu, na tsinci abin da na tsinta, aka raba mu huɗu-huɗu. A katina akwai wani dattijo mai furfura da zai kai sa'an kawuna, da abokinsa mai ƙaton ciki, da wani siririn yaro da ko gemu bai fara ba, uwarsa ce ma ta kawo shi a mota. Muka gaisa, kowa ya nuna alamar da ya yi a ƙasan fayafansa, don doka ce sai ka sa wa naka alama. Daga nan shiru. Ku da kuka san ɗan zango kun san shiru ba abincinmu ba ne, mu ko jana'iza muka je sai an yi hira, amma nan mutum huɗu muna tafiya a daji ba abin da kake ji sai takun takalmi da sauro.

Kwandon farko na wurga direba da dukkan ƙarfina, ya fita fes ta tsakiyar itatuwa, ya wuce na kowa, ya sauka kamar taku takwas daga kwando. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce da kyau. Kaina ya kumbura, har na fara tsara yadda zan ba da labarin a gurup. Yaron nan nasa ko kusa da nawa bai kai ba, ya sake wurgawa a hankali ya ajiye shi a gindin kwando, ya saka, uku.

Sai ni. Na ajiye ɗan ƙaramin faifan alama a gaban inda nawa ya faɗi, na ɗauki fota, na tsaya. A nan ne na fara jin abin da ban taɓa ji ba. Kwandon da kullum nake gani ƙato sai ya koma kamar kofin shayi. Tafin hannuna ya jiƙe, ban san ko ruwan sama ne ko gumi ba, na goge a wando, na sake gogewa. Daƙiƙa 30 doka ta ba ka in layi ya zo kanka, kuma ina jin idon mutum uku a ƙeyata. Na saki faifan da tsoro, hannun bai miƙe ba, ya tafi ƙasa-ƙasa ya daki bakin kwandon ƙwal, ya faɗo a kan gefensa, ya fara gangarawa. Ina tsaye ina kallonsa yana birgima kamar taya, ya wuce ƙafata, ya bi gangare, bai tsaya ba sai da ya yi nisan da ya fi na farko. Na bi shi na sake jefawa, wannan karon da fushi, ya wuce ta saman kwandon gaba ɗaya. Na huɗu ya daki sarƙa ta gefe ya fito. Biyar na ci a kwandon da na fi kowa jifan farko. Da aka zo faɗin maki kowa ya rubuta, na ce biyar da wata murya da ni kaina ban gane ta ba.

Haka aka yi ta yi. In fita da kyau, in zo kusa in lalace. Akwai da'irar mita goma kewaye da kowane kwando, 'yan wasa na ce mata da'ira ta ɗaya, kuma a cikinta ake raba yaro da babba. Su waɗannan mutanen in suka shigo cikinta ba sa ma tunani, ƙafa ɗaya gaba, hannu ya miƙe kamar mai miƙa gaisuwa, kacau, su ɗauka su wuce. Salon kowa ɗaya ne a kowane kwando, numfashi iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya. Ni kuwa kowane jifa da sabon salo nake zuwa, wani in buɗe ƙafa, wani in durƙusa, wani in karanta duk addu'ar da na haddace a makarantar allo. Sai a ranar na gane cewa lokacin da nake duba waya a Nokia, a daidai lokacin ne ake cin gasar.

A kwando na bakwai aka yi abin da ya kusa sa in tattara jakata. Na samu na saka daga kamar mita shida, farin ciki ya ɗebe ni, jikina ya bi faifan na taka gaban alamata kafin in daidaita. Dattijon nan ya ɗaga hannu a hankali ya ce laifin ƙafa. Abokinsa ya ce shi ma ya gani. A cikin da'irar mita goma doka ta ce bayan ka saki faifai sai ka nuna ka tsaya daram a bayan alamarka kafin ka matsa gaba, in ba haka ba jifa ɗaya na tara. Kuma a wasan nan babu alƙali mai usur da ke bin ku, ku 'yan katin ku ne alƙalan juna, ɗaya ya kira laifi wani ya tabbatar, magana ta ƙare.

Jinina ya hau. Da a filin Kawukudi ne ake ƙwallo aka yi min haka, da an yi musu har magariba, da an kira iyaye da kakanni, da wasan ma bai ƙare ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta raya min cewa don ni kaɗai ne baƙar fata a wurin shi ya sa aka sa min ido. Na yi shiru ne kawai don yarena bai kai na faɗa ba. Na rubuta makin da ƙari ɗaya ina huci.

Kwando biyu bayan haka direbana ya yi halinsa, iska ta zo ta gaba ta kifar da shi dama, ya faɗa cikin wata ciyawa mai ƙaiƙayi da ke ƙona fata kamar an watsa maka barkono. Minti 3 ake ba ka na nema, in ba a gani ba ya ɓata, ka koma ka sake da tara. Wa zan gani ya fara kutsawa cikin ciyawar nan da gajeren wando? Dattijon. Shi ya gano min shi, ya fito ƙafafunsa duk sun yi ja, ya nuna min wurin da yatsa bai ce komai ba. Can gaba kuma nasa faifan ya faɗi a bakin igiyar iyaka, mu uku muna nesa, ba wanda zai ce ga yadda yake, shi da kansa ya kira mu ya ce ku zo ku duba, a ganina ya fita. Muka duba, ya fita da kamar faɗin yatsa biyu. Ya ƙara wa kansa ɗaya ya ci gaba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, don na san da ni ne a wurin nan ni kaɗai, Allah dai ya kyauta, ƙafata za ta iya yin kuskure ta taɓa faifan.

Da aka tashi hutun rana suka kunna wuta suna gasa tsiran alade abinsu, ni kuma na koma bayan mota na buɗe robar wace, wato shinkafa da wake, da na dafa tun dare, da shito ɗin da Mma ta aiko min wanda nake ci da awo kamar magani. Na duba alƙibla a waya na yi azahar a kan rigar ruwa. Ina sallamewa na ga yaron nan a tsaye nesa kaɗan yana jira, ya matso ya ce in ba zan ji haushi ba yana so ya gaya min wani abu. Ya ce kana kallon kwandon gaba ɗaya ne, ka zaɓi ƙwayar sarƙa ɗaya kawai ka kalle ta, kuma ka bar direba a jaka, dajin nan ba ya son ƙarfi. Yaron da a gida zan aika ya sayo min koko. Na ce na gode, na ba shi wace ya ɗanɗana, shito ya sa shi hawaye, muka yi dariya, karo na farko ke nan da na ji sauti a dajin nan.

Zagaye na biyu na bi maganarsa rabi. Na riƙe matsakaici, faifai ya daina shiga daji, na rage jifa shida a kan na safe. Amma sakawa ba abin da ake gyarawa da shawarar hutun rana ba ne, hannu sai abin da ya saba. Da aka fitar da sakamako da yamma ni ne na biyu daga ƙarshe, kuma wanda ke bayana ciwon kafaɗa ne ya sa ya janye bai gama ba. Yaron ya zo na uku, aka ba shi 'yar ambulan.

To ga amsar masu tambayar kuɗi. A ajin ƙwararru na sama ne kawai ke samun wani abu, ƙasa da rabin waɗanda suka shiga, kuma a ƙaramar gasa irin wannan abin da na ɗaya zai samu bai taka kara ya karya ba. Matsalar ita ce 'yan bes ɗinmu sun shiga YouTube sun yi bincike. Sun gano cewa Paul McBeth, wanda ya ci gasar duniya sau shida, ya sa hannu da kamfanin Discraft a 2021 kan dala miliyan 10 na shekara goma. Sun kalli jifan da James Conrad ya yi a gasar duniya ta shekarar a jihar Yuta, daga ƙafa 247 ya zura shi cikin kwando a kwandon ƙarshe, ya kamo McBeth, aka je raba gardama ya cinye. Tun daga nan duk wanda ya ga na sayi ruwan leda sai ya ce Kyaftin an fara taɓa dalolin. Ba su san irin su McBeth 'yan ƙalilan ne ba, da yawa daga masu bin gasa a Amurka a cikin mota suke kwana daga gari zuwa gari.

Kawuna kuma ta wani ɓangaren ya ɓullo. Ya zaunar da ni bayan isha ya ce, kai ɗan nan, kowa ya zuba kuɗi, wanda ya ci ya kwashe, wannan da caca mene ne bambancinsu? Na fara kame-kame ina cewa ai Kawu gwaninta ce ba sa'a ba, kuma akwai kuɗin fili da na shirya gasa a ciki. Ya ce nawa ka ci? Na ce ko sisi. Ya ce to alhamdulillahi Allah ya tsare ka, amma kafin ka sake shiga ka je ka tambayi malamai. Mma ita tambayarta ɗaya ce, ta ce duk wahalar nan a kan murfin roba, ba ka ga na bokitina da ya ɓata ba?

Yanzu ga ni a Nima, ko in ce a Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke kiran garin. Duk wanda ya san unguwar nan ya san babu inda za ka wurga direba. Lungu ne a kan lungu, rufin wannan ya hau na wancan, in ka saki faifai da ƙarfi ko dai ya sauka a kwanon wani, ko a gota, ko a gilashin trotro ka jawo wa kanka shari'a. Na gwada Kawukudi da sassafe, kafin in yi jifa biyar 'yan ƙwallo sun cika fili, wani yaro ya ɗauki Destroyer ɗina yana tambaya ko na sayarwa ne. Na je Legon sau biyu ranar Lahadi inda akwai sarari da itatuwa, amma kuɗin mota da cunkoso ba za su bari ya zama na kullum ba. Kwana uku ina ƙorafi cewa garin nan ba a yi shi don wasan nan ba, sai ran nan ina alwala na ɗaga kai na kalli tsakar gidanmu. Na tashi na auna da ƙafa daga ƙofar kicin zuwa jikin tankin ruwa. Taku goma sha uku. Mita goma da 'yan kai.

Shi ne na je wurin mai walda. Ya haɗa shi da bututun ƙarfe da rodi, gindin kuma tsohon wilin mota ne, sarƙoƙin na sayo su a kasuwa, mai shagon shi ma sai da ya tambaye ni karnuka nawa ne. Bai yi kyan na Turawa ba, ya ɗan karkace hagu, amma yana kama faifai. Direbobi bakwai suna cikin jaka a ƙarƙashin gado, na sa wani ɗan'uwa da ke dawowa ya taho min da fota huɗu iri ɗaya.

Kullum bayan asuba nake yin ɗari. Ashirin daga taku biyar, ashirin daga bakwai, haka har jikin ƙofar kicin, ƙwayar sarƙa ɗaya nake kallo, kuma ba na ɗaga ƙafa sai na ƙirga biyu a zuci ko da ba mai kallona. Satin farko matar da ke haya a ɗakin ƙarshe ta fito da zani a ƙirji ta ce Boga don Allah wannan kacau-kacau ɗin da asuba fa, jaririnta bai yi barci ba, dole na koma yi bayan an fara sayar da koko, lokacin da gidan ya riga ya tashi.

Matsalata yanzu 'yar yayata ce, shekararta tara. Da kallo ta fara, sai ta koma ɗebo min fayafai, ran nan ta ce Kawu ba ni in gwada. Ba ta san Nokia ba, ba ta san reting ba, ba ta san akwai wani abin tsoro a jikin kwandon ba, tana tsayawa ne kawai ta miƙa hannu kamar za ta ba wa mutum faranti. Yau da safe muka yi goma-goma daga taku bakwai kafin ta tafi makaranta, ta saka bakwai na saka shida, na ƙarshen nawa ya daki sandar ya yi tsalle ya faɗa cikin robar wanke-wanken Mma. Na ce mata ai ta taka layi a na huɗu. Ta ce ba ta taka ba, kuma ai ni na ce sai mutum biyu sun gani, ta juya ta ce, "Kaka, kin gani?" Mma ta tsamo faifan daga ruwan kumfa ta miƙo min ba tare da ta kalle ni ba, ta ce ita ba ta ga komai ba.